Tarihin Volney, Bafaranshen da ya Bar Wasiyya Domin Harsunan Asiya

Daga cikin Turawan da suka yi suna wajen nazarin harsunan Gabas akwai wani Bafaranshe da ake kira Volney, wanda ya rasu cikin 1820. A zamaninsa an san shi da tafiye-tafiye, da siyasa, da kuma rubuce-rubucen da suka ta da ƙura ƙwarai. Amma abin da aka fi daɗewa ana cin moriyarsa daga gare shi, shi ne wata 'yar dukiya da ya bari a hannun babbar ƙungiyar malaman ƙasarsa, domin a riƙa ba da kyauta ga masu neman hanyar rubuta harsunan Asiya da haruffan Turawa. Malaman da aka danƙa wa wannan amana sun tarar abin da ya nema ba zai samu yadda ya zata ba, sabo da haka suka juya akalar kyautar zuwa wata fuska. Yadda suka yi, da abin da ya biyo baya, abin lura ne ga duk wanda aka ba riƙon dukiyar da mai ita ba ya da sauran bakin magana.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 3 ga watan Fabrairu na 1757 a garin Craon, cikin lardin Anjou na yammacin Faransa. Sunansa na yanka Constantin-François Chassebœuf, shi kuwa sunan Volney daga baya ne ya laƙaba wa kansa, har ya danne na asalin. Ubansa lauya ne mai rufin asiri. Uwarsa ta rasu tun yana ɗan shekara biyu, aka kai shi makarantar kwana yana ƙarami, da farko a Ancenis, sa'an nan a Angers. Da ya tasa sai ya nufi birnin Paris, inda ya taɓa karatun likita, amma zuciyarsa ta fi karkata ga tarihin mutanen da da harsunansu. A nan ya shiga zauren manyan masana na lokacin, irin su Baron d'Holbach da Condorcet, ya kuma sadu da Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Faransa. A Paris ɗin ne ya fara koyon Larabci.

Yana cikin samartaka sai wani gado ya faɗo masa, na kimanin liba 6,000 na kuɗin Faransa na wancan zamani. Maimakon ya sayi gona ko ya shiga sharholiya kamar yadda samari da yawa kan yi, sai ya ƙudura zai kashe kuɗin wajen ganin ƙasashen da ya karanta labarinsu. Ya tashi a ƙarshen 1782, ya sauka Iskandariya a farkon 1783.

Zamansa a Masar da Sham

Ya yi wajen wata bakwai a Masar, galibi a Alƙahira, daga nan ya ƙetare zuwa ƙasar Sham, wadda a lokacin ta haɗa da Siriya da Labanan da Falasɗinu a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Bai daɗe ba ya gane cewa baƙon da ba ya jin harshen gari, kome idonsa, rabin makaho ne, domin sai abin da tafinta ya ga dama zai ji. Don haka ya tare a wani gidan ibada na Kiristoci Larabawa mai suna Mar Hanna, cikin duwatsun Labanan, ya yi wata takwas yana karatun Larabci. A gidan nan akwai wata maɗaba'a ta haruffan Larabci, wadda wani mutumin Halab mai suna Abdullahi Zakhir ya kafa tun wajen 1734. Volney ya lura da wahalar aikinta. Kowane baƙi na Larabci yana da siffa dabam a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, ga wasula da ɗige-ɗige, sabo da haka mai jera haruffan dalma yana bukatar ninkin abin da ɗan'uwansa na Turai ke bukata. Wannan abu ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Ya komo gida cikin 1785, ya buga labarin tafiyarsa cikin 1787. Littafin ya bambanta da na matafiyan da suka gabace shi, domin bai cika shi da labarin abin da ya same shi a hanya ba. Ƙasa ya bayyana, da iska, da cututtuka, da haraji, da sha'anin mulki, da halin talakawa a hannun Mamluk da pasha-pashan Turkawa. Nan da nan sunansa ya bazu a Turai, har Sarauniya Katarina ta Biyu ta Rasha ta aiko masa da lambar zinariya. Shekara goma sha ɗaya bayan fitar littafin, sa'ad da Napoleon ya kai yaƙi Masar cikin 1798, hafsoshinsa sun tafi da shi a matsayin ja-gora. Wannan ya nuna cewa ilmin da Bature ya tara game da Gabas a wancan zamani bai cika rabuwa da bukatun masu neman mulkin Gabas ɗin ba.

Siyasa, Kurkuku da Gudun Hijira

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke cikin 1789, jama'ar Anjou suka zaɓe shi wakili a majalisar ƙasa. Cikin watan Mayu na 1790 yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa kada Faransa ta ƙara yin yaƙi domin cin ƙasar wani. Cikin 1791 ya fitar da littafinsa da ya fi kowanne suna, wanda ya gina a kan kufan tsohon birnin Tadmur na hamadar Siriya, yana binciken dalilin da dauloli kan tashi su faɗi. A ciki ya soki sarakuna azzalumai, ya kuma soki addinai gaba ɗaya, abin da ya jawo masa baƙin jini wurin malaman addini a Turai da Amurka. A shekarar nan kuma ya mayar wa Sarauniya Katarina lambarta, sabo da ta goyi bayan maƙiyan juyin.

Cikin 1792 ya sayi gona a tsibirin Kosika yana so ya gwada noman auduga da baba da sauran amfanin ƙasashe masu zafi. Gonar ba ta yi albarka ba, amma a can ya san wani ƙaramin hafsa mai suna Napoleon Bonaparte. Da ya koma Paris sai zamanin kashe-kashe ya rutsa da shi, aka jefa shi kurkuku cikin watan Nuwamba na 1793. Ya yi wajen wata goma a tsare, bai fito ba sai bayan faɗuwar Robespierre cikin 1794. Cikin 1795 ya koyar da tarihi a sabuwar makarantar horon malamai ta Paris, aka kuma sa shi cikin mutanen farko na Institut de France, watau babbar cibiyar malaman ƙasar, wadda aka kafa a wannan shekara.

Daga 1795 zuwa 1798 yana Amurka. Ya sauka gidan Thomas Jefferson cikin 1796, shi Jefferson ɗin kuwa daga baya ya fassara babban sashe na littafinsa na dauloli zuwa Turanci. Ko a can bai bar sha'awar harsuna ba, domin a birnin Filadelfiya ya zauna da wani shugaban ƙabilar Miami ta Indiyawan daji, ya rubuta jerin kalmomin harshensu. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin Amurka da Faransa, aka zarge shi da leƙen asiri, dole ya tattara ya koma gida. Ya goyi bayan Napoleon sa'ad da ya karɓi mulki cikin 1799, aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa, amma ba su daɗe suna shan inuwa ɗaya ba, domin bai yarda da yarjejeniyar da Napoleon ya ƙulla da Paparoma cikin 1801 ba, bai kuma so naɗin da ya yi wa kansa na sarauta cikin 1804 ba. Duk da haka an ba shi sarautar Kont cikin 1808, bayan faɗuwar Napoleon kuma Sarki Louis na 18 ya sa shi cikin majalisar manyan ƙasa cikin 1814.

Burinsa Game da Haruffa

Duk cikin wannan faɗi-tashi, abu ɗaya ne bai saki ba. Tun cikin 1795 ya buga wani littafi a kan sauƙaƙa koyon Larabci da Farisanci da Turkanci ta hanyar rubuta su da haruffan Turawa. Ƙa'idarsa ita ce, kowane sauti ya sami harafi guda nasa na kansa, kada harafi ɗaya ya ɗauki sauti biyu, kada kuma a haɗa haruffa biyu ko uku domin sauti ɗaya kamar yadda Faransanci da Turanci ke yi. Da yake Larabci yana da baƙaƙen da babu irinsu a bakin Bature, irin waɗanda almajiran ƙasar Hausa ke kira sodi, da lodi, da ɗa mai hannu, sai ya aro waɗansu haruffa daga Girkanci, ya kuma ƙago waɗansu. A ganinsa wannan zai rage wa ɗan kasuwa da jakada shekarun koyo, ya rage tsadar ɗab'i, ya kuma buɗe ƙofar shigar ilmin Turai cikin Asiya.

Cikin 1803 gwamnati ta sa shi cikin kwamitin da zai tsara yadda za a rubuta sunayen garuruwa a kan babbar taswirar Masar da injiniyoyin Napoleon suka auna. Cikin 1819 ya sake fitar da wani littafi a kan amfani da abacadar Turai wajen harsunan Asiya, ya kuma shirya wani a kan Ibrananci wanda ya fito cikin 1820. Sai dai manyan malaman Larabci na Paris ba su karɓi ra'ayinsa ba. Babbansu, Silvestre de Sacy, wanda ɗalibai ke zuwa wurinsa daga ko'ina cikin Turai, yana ganin mai son Larabci da gaske ba shi da makawa sai ya koye shi da rubutunsa na asali.

Volney ya auri wata 'yar'uwarsa cikin 1810, yana da shekara 53. Ya rasu a Paris cikin watan Afrilu na 1820, yana da shekara 63, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise, aka gina ƙaramar dala irin ta Masar a kan kabarinsa.

Wasiyya da Masu Riƙonta

Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka tarar ya ware faran 24,000 ya bar wa Institut de France. Ba za a taɓa uwar kuɗin ba, abin da take haifarwa kowace shekara, watau faran 1,200, shi za a mayar lambar zinariya a bayar kyauta. Wasiyyar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce ƙarfafa nazarin harsuna mai zurfi. Ta biyu, wadda ita ce ainihin muradinsa, ita ce a ci gaba da aikin da ya fara na rubuta harsunan Asiya da haruffan Turai, har a kai shi ga nasara.

Cibiyar ta ɗora aikin a kan kwamiti na mutum bakwai: uku daga sashen harshen Faransanci, uku daga sashen tarihi da tsofaffin rubuce-rubuce, ɗaya daga sashen kimiyya. Hikimar wannan rabo ita ce kada wani sashe ɗaya ya mallake kyautar. Tsarin aikinsu a farko shi ne su kafa tambaya, su shelanta ta, masu sha'awa daga kowace ƙasa su aiko da amsoshinsu, kwamiti ya karanta ya yanke hukunci, a bayyana wanda ya ci a babban taron shekara na cibiyar. In babu aikin da ya cancanta, ba dole ne a bayar ba, in kuma biyu sun yi kunnen doki, a raba musu. Abin mamaki kuwa shi ne, cikin waɗanda nauyin ya hau kansu har da shi De Sacy, mutumin da bai gamsu da dabarar mamacin ba tun yana da rai.

An fara bayar da kyautar cikin 1822, aka raba ta tsakanin Jamusawa biyu masu kula da ɗakunan littattafai, Scherer na Munich da Schleiermacher na Darmstadt. Tun daga gasar farkon nan matsalar da ke ƙarƙashin aikin ta fito fili. Shin abin da ido ke gani a takarda za a juya zuwa haruffan Turawa, ko abin da kunne ke ji? Misali, sunan da ake furtawa Abdurrahman, in aka bi baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya akwai lam a ciki wanda ba a furta shi. Wanda ya bi rubutu zai taimaki mai tsara littattafai a ɗakin karatu, amma zai ɓad da mai koyon magana. Wanda ya bi furuci kuwa, sai a tambaye shi furucin wa, na Alƙahira, ko na Dimashƙa, ko na Fas? Ga shi kuma Farisawa da Turkawa suna amfani da baƙaƙen Larabci, amma kowa da yadda yake furta su. Balle a je ga harsunan Indiya, ko Sinanci wanda ba shi da abacada sam.

Juyin Akala

Kwamiti ya sake maimaita tambayar haruffa a shekarun da suka biyo, amma amsoshin ba su kai ga tsari guda da kowa zai yarda da shi ba. Sai malaman suka jingina da fuskar farko ta wasiyyar, suka fara kafa tambayoyi a kan ginin harsuna. Cikin 1829 wani limamin Kirista mai suna Darrigol ya ci kyautar da nazarin harshen Baske, wanda a Turai ake yinsa, tsakanin Faransa da Sifen. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba. Cikin 1833 wani mai suna De Brière ya buga littafi musamman a kan tarihin kyautar, yana ƙorafin an kauce wa nufin mai dukiya. Hujjar masu ƙorafi a bayyane take: mutum ya faɗi abin da yake so a yi da kuɗinsa, ya mutu, ba daidai ba ne waɗanda suka saɓa masa da rai su yi amfani da kuɗin nan bayan ransa wajen abin da su suka fi so. Hujjar kwamiti kuwa ita ce, ba a yi wa mamaci adalci ba in aka riƙa ba da lambarsa ga aikin da bai isa ba, ko aka bar kuɗin suna kwance shekara da shekaru ana jiran abin da ba zai zo ba.

Ra'ayin kwamiti ne ya rinjaya. Daga baya ma aka daina kafa tambaya, aka buɗe ƙofa ga kowane kyakkyawan aiki na kwatanta harsuna. Cikin 1835 Du Ponceau na Filadelfiya ya ci da nazarin nahawun harsunan Indiyawan Amurka ta Arewa. Cikin 1836 Adolphe Pictet na Janeba ya ci da bayanin dangantakar harsunan Kelt da Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Cikin 1847 wani saurayi ɗan shekara 24, Ernest Renan, ya ci da tarihin dangin harsunan da suka haɗa da Larabci da Ibrananci. Max Müller ya ci cikin 1849 tun bai yi suna ba. Franz Bopp, wanda ake ɗauka uban ilmin kwatanta harsunan Indiya da Turai, ya samu cikin 1866, Childers kuma ya samu cikin 1876 sabo da ƙamusunsa na Pali, harshen littattafan addinin Buddha. Ashe ko da aka bar batun haruffa, harsunan Asiya ba su fita daga cikin rabon ba.

Rabon Afirka

Buɗe ƙofar nan ne ya sa kyautar ta iso ga harsunan Afirka ta Yamma, abin da mai wasiyya bai ambata ba. Cikin 1856 aka ba Sigismund Koelle, Bajamushe ɗan mishan da ya zauna a Firitawun ta Saliyo. A can ya tattara kalmomi daga bakin bayin da aka 'yanta, na harsuna fiye da 150, ya buga su cikin 1854 a littafin Polyglotta Africana, a shekarar kuma ya fitar da nahawun Barbarci wanda ya koya wurin Ali Eisami, mutumin Barno. Johann Christaller ya samu sabo da aikinsa a kan harshen Twi na ƙasar da ake kira Gana yanzu. Cikin 1877 kuma aka ba James Frederick Schön sabo da aikinsa a kan Hausa. Shi Schön ya bi ayarin binciken kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876. Babban mai taimakonsa shi ne Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai cikin 1855. Littattafan nan da haruffan Turawa aka rubuta su, suna kuwa cikin tubalan farko na rubutun boko, tun kafin a tsai da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ cikin shekarun 1930.

Abin da ya Tabbata

Shi burin nasa na asali, ta waɗansu hanyoyi dabam ya sami biyan bukata, ba ta hannun kwamitinsa ba. Richard Lepsius ya fitar da tsarin abacada na bai ɗaya cikin 1855, wanda 'yan mishan suka yi aiki da shi a Afirka. Masana furuci sun fitar da abacadar sauti ta duniya cikin 1888, a kan ƙa'idar nan ta sauti ɗaya harafi ɗaya. Taron masana Gabas da aka yi a Janeba cikin 1894 ya amince da hanyar juya Sanskrit da Larabci zuwa haruffan Turawa domin aikin malamai. Turkiyya ta koma rubutu da haruffan Latin cikin 1928, bisa umurnin gwamnatinta. Amma Larabawa da Farisawa sun riƙe rubutunsu, kuma na'urorin ɗab'i na zamani sun kawar da wahalar jera baƙaƙen da ta dame shi a Mar Hanna. A nan De Sacy ne ya fi shi hangen nesa, domin rubutun al'umma yana ɗaure da addininta da adabinta, ba a sauya shi don sauƙin baƙo.

Ita kuwa dukiyar, yaƙe-yaƙen duniya biyu sun karya darajar faran ƙwarai, har abin da ya isa a kira kyauta mai tsoka a 1822 ya koma ɗan kaɗan. Abin da ya saura shi ne martabar sunan, wadda ta samu daga ingancin waɗanda aka zaɓa. An ci gaba da bayarwa cikin ƙarni na 20, inda Antoine Meillet ya riga ya samu tun 1898, Gilbert Lazard masanin Farisanci ya samu cikin 1964, Claude Hagège kuma cikin 1981.

Har yanzu mai duba tarihin nan yana iya tsayawa a kowane ɓangare na gardamar 1833. Abin da babu jayayya a kansa shi ne yadda masu riƙon suka tafiyar da amanar. Sun bar uwar kuɗi ba su ci ba, sun raba ikon yanke hukunci tsakanin sassa uku, sun bayyana hukuncinsu a gaban jama'a, ba su kuma hana baƙo cin kyautar don ba Bafaranshe ba ne. Da suka sauya hanya, a fili suka sauya, a cikin iyakar abin da kalmomin wasiyyar suka ba su dama, har mai ƙorafi ya sami abin kamawa ya yi ƙorafinsa. Volney ya nemi abacada guda domin Asiya, bai samu ba. Abin da kuɗinsa suka saya shi ne nahawu da ƙamus na harsuna masu yawa, daga Pali har zuwa Hausa.